Kafin Ruwa Ya Sauka: Wane Jadawali Ya Dace Da 'Yan Kwangilar Gombe?

Duk ɗan kwangilar da ya daɗe yana aikin hanya ko na gini a garin Gombe ya san cewa shekararsa ta aiki ba ta kai wata goma sha biyu ba. Daga ƙarshen watan Oktoba, sa'ad da ruwa ya ɗauke, zuwa cikin watan Mayu, sa'ad da hadari ya fara haɗowa daga gabas, a nan ne yake da damar yin cikon jar ƙasa, ya daddale ta, ya zuba kwalta hankali kwance. Wanda ya yi sake wannan dama ta kuɓuce masa, to, sai dai ya zuba wa katafilarsa ido har kaka, alhali kuwa bashin banki yana ta hauhawa, mutanen unguwa kuma suna fama da taɓo da ramukan da aka haƙa aka bari a ƙofar gidajensu.

Wannan shi ya sa maganar jadawalin aiki, watau takardar da ke nuna abin da za a yi, da ranar da za a fara shi, da ranar da za a gama, ta zama magana mai nauyi a ofisoshin injiniyoyi da na 'yan kwangila a wannan gari. Tun daga ranar 1 ga watan Oktoba 1996, da aka cire Jihar Gombe daga cikin tsohuwar Jihar Bauchi, garin bai huta da gine-gine ba. An kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004, an gina filin jirgin sama a Lawanti, an shimfiɗa tituna a unguwanni irin su Pantami da Bolari da Jekadafari da Tudun Wada, sa'an nan gwamnatin da ta hau mulki a 2019 ta fito da shirin gina hanyoyi masu tsawon kilomita 100 a kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 11 na jihar. Kowane ɗaya daga ayyukan nan sai da wani ya zauna ya tsara masa jadawali.

Abin da ake ja-in-ja a kai shi ne kayan aikin da za a tsara jadawalin da shi. Waɗansu sun tsaya a kan shafin lissafi na kwamfuta, wanda aka fi sani da Excel, suna cewa ya wadatar da su. Waɗansu kuwa suna ganin aikin da ya kai ya kawo ba ya tsaruwa sai da manhajar da aka ƙera musamman domin wannan sana'a, kamar Microsoft Project ko Primavera. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, amma kafin a auna hujjojin ya kamata a fara sanin inda aka fito.

TUN KAFIN KWAMFUTA

Mutanen Gombe sun ga babban aiki tun kafin a san kwamfuta a ofis. A shekarar 1958 Bankin Duniya ya ba Nijeriya rancensa na farko, dala miliyan 28, domin aikin jirgin ƙasa. Aka ɗauko layin dogo daga Kuru, kusa da Jos, ya bi ta Bauchi, ya iso Gombe a 1963, ya dire Maiduguri a 1964, tsawon kimanin kilomita 640. A lokacin nan babu ko ɗaya daga cikin manhajojin da ake gardama a kansu yau. Takarda da fensir da rula su ne kayan aikin mai tsara jadawali, kuma jirgin ya iso.

Irin zanen da injiniyoyin wancan zamani suka saba da shi ya samo suna ne daga wani injiniya Ba'amurke, Henry Gantt, wanda ya yaɗa shi tsakanin 1910 da 1915. Zanen ba shi da wuyar fahimta. Ana jera ayyuka daga sama zuwa ƙasa, a jera kwanaki ko makonni daga hagu zuwa dama, sa'an nan kowane aiki a ja masa sanda a kwance wadda tsawonta ya yi daidai da kwanakin da zai ci. Har gobe shi ne zanen da ake mannawa a bangon ofishin wurin aiki. Aibinsa ɗaya ne: yana nuna ranar da aka yi niyyar fara kowane aiki, amma ba ya faɗin wane aiki ne ke jiran wane.

An cike wannan giɓi a 1957, lokacin da Morgan Walker na kamfanin DuPont da James Kelley na kamfanin Remington Rand suka fito da wata dabara ta tsara gyaran masana'antu. A shekara mai bi mata, rundunar sojojin ruwa ta Amurka ta fito da makamanciyarta domin aikin ƙera makamai masu linzami na Polaris. Gishirin dabarar shi ne: a cikin kowane babban aiki akwai jerin ƙananan ayyuka da ke bin juna kamar sarƙa, wanda ya fi duk sauran jeruka tsawo. Wannan jeri shi ne ƙashin bayan aikin. Idan aka yi jinkirin kwana ɗaya a kansa, ranar gamawa ta matsa da kwana ɗaya. Sauran ayyuka kuwa suna da rarar kwanaki, suna iya makara kaɗan ba tare da an ji a jika ba.

Shafin lissafi na kwamfuta daga baya ya zo, kuma ba domin jadawali aka yi shi ba. A 1979, shekarar da kamfanin siminti na Ashaka ya fara aiki, Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc domin akantoci da 'yan kasuwa. Lotus 1-2-3 ya biyo baya a 1983, Excel kuma a 1985. A daidai wannan lokaci ne manhajojin tsara aiki su ma suka bayyana: an kafa kamfanin Primavera a 1983, wanda Oracle ya saya a 2008, Microsoft Project kuma ya fito a 1984. Watau dai kayan aikin biyu tsara ne, sai dai ɗaya an haife shi domin ƙirga kuɗi, ɗayan kuma domin ƙirga lokaci.

MISALI DAGA CIKIN UNGUWA

Domin a ga bambancin a fili, a ɗauki misali. A ce an ba ɗan kwangila aikin gajeren titi a wata unguwa, mai kwalbati ɗaya a tsakiya. Awo da share hanya za su ci kwana 10. Bayan haka ayyuka uku suna iya tafiya lokaci guda: ɗauke turakun wuta da bututun ruwa daga kan hanya, kwana 21, gina magudanan ruwa a gefe da gefe, kwana 35, sai kwalbati, wanda haƙa da ɗaura rodi da zuba kankarensa za su ci kwana 14, a kuma bar shi kwana 28 ya yi ƙwari kafin manyan motoci su hau, jimla kwana 42. Sai an gama ukun nan kafin a yi cikon jar ƙasa da daddalewa, kwana 20, a shimfiɗa tsakuwa, kwana 12, a zuba kwalta, kwana 8.

Wanda ya jera waɗannan a shafin lissafi ya tara su kamar yadda ake tara kuɗin kaya zai sami kwana 148. Amma aikin ba zai ci haka ba, tun da uku daga ciki tare suke tafiya. Ƙashin bayan aikin ya bi ta awo, kwalbati, ciko, tsakuwa da kwalta, jimla kwana 92. Idan an fara ranar 15 ga Janairu, aka ƙirga kwanaki a jere, za a gama wajen tsakiyar Afrilu, kafin damina. Magudanan ruwa suna da rarar kwana 7, ɗauke turaku kuma yana da rarar kwana 21.

To, a nan ne amfanin sanin ƙashin baya yake fitowa. Idan birkilolin magudana suka makara da kwana 5, babu abin da ya sami ranar gamawa, kuma ba sai ɗan kwangila ya ɗauko ƙarin leburori ya yi asarar kuɗi ba. Idan suka makara da kwana 12, sun cinye rararsu sun ɗora kwana 5 a kai, ƙashin baya ya bar kwalbati ya koma kan magudana, ranar gamawa kuma ta matsa da kwana 5. Idan kuwa rodin kwalbati ne ya makara da mako uku, to, aikin gaba ɗaya ya matsa da mako uku, ya shiga watan Mayu. Daɗin daɗawa, idan kuɗin fara aiki ne bai fito ba sai tsakiyar Maris, ciko zai faɗo cikin Mayu, kwalta kuma cikin Yuni. Jar ƙasar da ta sha ruwa ba ta daddaluwa yadda ya kamata, kwalta kuma ba a zuba ta a kan jiƙaƙƙiyar tsakuwa. Jinkirin wata biyu a ofis yana iya komawa jinkirin wata shida a bakin aiki.

Tambayar da ta raba gardama ke nan: idan wannan aiki ya makara da mako ɗaya, me zai sami ranar gamawa? Manhajar tsara aiki tana amsa ta nan take, domin tun farko an faɗa mata wane aiki ke jiran wane. Shafin lissafi kuwa ba ya amsawa sai mai shi ya zauna ya gina masa ƙa'idodin lissafi gida-gida da hannunsa. A aikin da bai wuce layi bakwai ba, kamar wannan misali, hakan ba wuya. A aiki mai layi ɗari huɗu, sai an yi da gaske.

HUJJAR MASU EXCEL

Duk da haka, masu riƙe da Excel suna da abin faɗa. Da fari dai, kusan kowace kwamfuta a ofishin gwamnati ko na kamfani tana ɗauke da shi, kuma akawu da ma'aji da mai ƙididdigar kayan gini duk sun iya shi. Takardar da aka tsara a kansa tana buɗuwa a wayar hannu, ana iya tura wa shugaban leburori ita ta WhatsApp ya duba a tsaye a bakin rami. Ba a bukatar sayen sabon lasisi, ba a bukatar tura ma'aikaci kwas.

Na biyu, a wajen lissafin kuɗi babu mai ja da shi. Wannan kuwa babban al'amari ne a shekarun nan. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin darajar Naira a watan Yuni na shekarar, farashin kayan gini ya riƙa sauyawa daga wata zuwa wata, har buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024. Ɗan kwangilar da ke da jerin kayansa a shafin lissafi, da ya canza kuɗin buhu ɗaya a gida ɗaya, sai jimlar aikin duka ta gyara kanta, ya san inda ya tsaya kafin ya shiga ofishin injiniya neman a sake duba farashi.

Na uku, shafin lissafi yana lanƙwasuwa yadda mai shi yake so. Ana iya ƙara layin adadin tifofin yashi, ko na litar man da janareta ya sha, ko na sunayen birkiloli da kwanakin da suka yi. Akwai ma ƙa'idar lissafi a cikinsa wadda ke tsallake ranakun Lahadi da ranakun hutu idan ana ƙirga kwanakin aiki. Ga mai gina ajujuwa biyu na makarantar firamare, ko shaguna, ko rijiyar burtsatse, inda mutum ɗaya ne ke riƙe da aikin duka a kansa, wannan ya isa har ya yi saura.

INDA BANGO KE TSAGEWA

Matsalar tana farawa ne sa'ad da aiki ya girma. Yawancin jadawalan da ake yi a Excel zanen Gantt ne da aka shafa wa launi da hannu, gida-gida. Ranakun da ke ciki an buga su ne da hannu, babu abin da ya ɗaure su da juna. Idan aiki ɗaya ya makara, sai mutum ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa, kuma da wuya bai manta da waɗansu ba. Saboda wahalar gyaran, sau da yawa akan daina yi, jadawalin ya zama ado a bango, aiki na gabas shi yana yamma.

Sa'an nan akwai kuskuren da ba ya nuna kansa. Kwamfutar da aka saita bisa tsarin Amurka tana karanta 3/4 a matsayin 4 ga Maris, wadda aka saita bisa tsarin Ingila kuma tana karanta shi 3 ga Afrilu, kusan wata guda ke nan tsakani. Ƙa'idar lissafi tana iya tsallake layi ɗaya ba tare da ta yi wa kowa gargaɗi ba. Irin wannan ya sami waɗanda suka fi ɗan kwangilar unguwa kayan aiki nesa ba kusa ba. A watan Oktoba 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta bayyana cewa sakamakon gwajin mutum 15,841 da suka kamu da cutar korona bai shiga ƙididdiga a kan lokaci ba, domin an yi amfani da tsohon samfurin shafin Excel wanda ba ya ɗaukar layi fiye da kimanin 65,000, ya cika, sauran suka zube ba wanda ya lura.

Bugu da ƙari, akwai yawaitar kwafi. Ɗan kwangila yana da nasa, injiniya mai sa ido yana da wanda aka tura masa wata biyu da suka wuce, ma'aikata kuma suna riƙe da wani dabam. Ranar da aka zauna taro kowa ya buɗe nasa, sai a shafe sa'a guda ana neman wanne ne na gaskiya.

HUJJAR MASU MANHAJA

Manhajar tsara aiki an gina ta ne domin toshe waɗannan kafofi. Tana riƙe dangantakar ayyuka, tana fitar da ƙashin baya da kanta, tana nuna rarar kowane aiki. Tana kuma lura da kayan aiki: idan kamfani yana da gireda ɗaya da rola ɗaya, aka sa su a hanyar Kumo da hanyar Dukku a mako guda, za ta nuna cewa an yi karo. Abu mafi muhimmanci, tana adana jadawalin asali, watau wanda aka amince da shi ranar da aka fara, ta riƙa kwatanta shi da abin da ya faru a zahiri.

Wannan jadawalin asali shi ne shaidar ɗan kwangila ranar da aka zo rabon laifi. Sharuɗɗan kwangila na ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, FIDIC, waɗanda ake amfani da su a manyan ayyuka da yawa, sun wajabta wa ɗan kwangila ya miƙa cikakken jadawali cikin kwana 28 bayan an ba shi sanarwar fara aiki, kuma idan yana neman ƙarin lokaci ya sanar cikin kwana 28 daga ranar da ya san abin da ya jawo jinkirin. Bugun 2017 na sharuɗɗan ya ƙara da cewa a tsara jadawalin da manhajar da aka ambata a takardun kwangila, ko wadda injiniya ya yarda da ita. Kuma bai isa ɗan kwangila ya ce an makara wajen biyan diyyar masu gidaje ba, sai ya nuna cewa makarar ta taɓa ƙashin bayan aikin. Wanda ba shi da jadawali mai ɗaurarrun ayyuka zai sha wuya kafin ya tabbatar da haka, ko da kuwa gaskiya tana gefensa, kuma tarar jinkiri tana iya hawa kansa.

A Gombe, ayyukan da wannan ya fi shafa su ne na yaƙi da zaizayar ƙasa. Garin yana zaune ne a cikin kwari, ƙasarsa mai yashi ce, ruwan Agusta kuma idan ya gangaro daga tudu ba ya sassautawa. Kwazazzabai sun daɗe suna cin gidaje da filaye a cikin gari, shi ya sa aka yi aikin kwazazzabon da ya bi ta Jami'ar Jihar Gombe zuwa Malam Inna a ƙarƙashin shirin NEWMAP, aka kuma ɗauki na wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya a ƙarƙashin shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disamba 2021 da dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Irin wannan aiki ba ya son a bar shi rabi. Magudanar da aka kankare rabinta, ruwa ya same ta a haka, yana iya bi ta ƙarƙashi ya ɗaga abin da aka gina, ya ƙara da gidajen da ke bakin gaɓa. A nan sanin wane sashe ne dole a rufe kafin ruwan farko magana ce ta dukiya da rayukan jama'a.

ABIN DA MANHAJA BA TA IYAWA

To, amma fa manhaja ita ma tana da nata nauyin. Lasisinta da kuɗin waje ake biya, kuma faɗuwar Naira ta ƙara masa tsada ga ƙaramin kamfani. Koyonta yana ɗaukar lokaci, sau da yawa kuma mutum ɗaya ne tak a kamfani ya iya ta, ranar da ya sami aiki a Abuja sai jadawali ya mutu a cikin kwamfuta. Nau'o'in da ke aiki ta intanet suna bukatar wuta da layi mai ƙarfi, mutanen Gombe kuwa ba su manta da watan Afrilu 2024 ba, lokacin da aka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, aka shafe makonni cikin duhu a yawancin Arewa maso Gabas.

Akwai kuma wata illa da ta fi waɗannan ɓoyuwa. Manhaja tana fitar da zane mai kyau, mai launuka da kibiyoyi, wanda ke sa mai duba shi ya ɗauka an yi aiki da ilimi. Alhali kuwa abin da aka zuba mata shi take mayarwa. Idan an rubuta kwana 10 ga aikin da kowane birkila ya san zai ci 25, domin kawai a faranta wa mai ba da kwangila, za ta lissafa ƙaryar daidai wa daida. Akan sami kamfanin da zai biya wani ya zana masa jadawali domin cika sharaɗin neman kwangila, daga ranar da aka sa hannu kuma ba a sake buɗe shi.

Tarihi ya nuna cewa manyan jinkiri ba daga kwamfuta suke tasowa ba. Filin jirgin sama na Berlin, a Jamus, ƙasar da ba ta rasa injiniyoyi ko na'urori, an shirya buɗe shi a 2011, bai buɗu ba sai Oktoba 2020. A nan gida, kwamitin da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa a ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ba da rahoto a 2011 cewa ya ƙirga ayyukan Gwamnatin Tarayya 11,886 da ba a kammala ba. Madatsar ruwa ta Dadin Kowa, a kan kogin Gongola gabas da Gombe, an gina ta tun cikin shekarun 1980, amma tashar lantarkinta mai ƙarfin megawat 40 sai bayan shekara talatin da 'yan kai ta samu. Babu manhajar da za ta zuba kuɗi a asusun da ba a sa masa kuɗi ba.

KALANDAR GOMBE

Wani abin da ba a cika kula da shi ba shi ne, manhajojin nan suna zuwa ne da kalandar ƙasashen da aka ƙera su, watau Litinin zuwa Juma'a, sa'a takwas kowace rana. Wanda bai gyara wannan ba, lissafinsa ya karkace tun daga tushe. A wuraren aiki na Gombe ana aiki ranar Asabar, ana tashi da wuri ranar Juma'a domin Masallaci, ana hutawa Lahadi. Akwai hutun Sallah ƙarama da babba, da na Kirsimeti da Ista. Watan azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2024 da 2025 ya faɗo cikin Maris, tsakiyar zafi, lokacin da lebura mai azumi ba zai iya yin abin da yake yi a watan Disamba ba. Zafin Maris da Afrilu yana kuma busar da kankare da sauri, sai an riƙa ba shi ruwa, ko a zuba shi da sassafe ko da yamma. Da ruwa ya zauna kuwa, leburori da yawa sukan koma gona. Duk waɗannan ba Excel ba Primavera da ya san su, sai mutumin da ya san gari ya shigar da su.

DAIDAI RUWA DAIDAI TSAKI

Idan aka haɗa hujjojin nan, abin da ya kamata a duba wajen zaɓe shi ne yawan ayyukan da ke jiran juna, da yawan hannuwan da ke cikin aikin. Ƙaramin gini mai ayyuka ashirin ko talatin, a hannun shugaban aiki ɗaya, shafin lissafi ya ishe shi, muddin an ƙara layi ɗaya da ke faɗin wane aiki kowanne yake jira, aka kuma ɗaure ranakun da ƙa'idar lissafi maimakon a buga su da hannu. Aikin da ya haɗa ƙananan 'yan kwangila da yawa, ko injuna da ake rabawa tsakanin wurare, ko kwangilar da ke da tarar jinkiri, wannan na manhaja ne. Wanda tsadar lasisi ta hana shi, akwai na kyauta irin su ProjectLibre da GanttProject, waɗanda ke fitar da ƙashin bayan aiki kuma suna aiki ba tare da intanet ba. Kamfanoni da yawa a duniya ma haɗa biyun suke yi: kuɗi a shafin lissafi, lokaci a manhaja.

Ko wanne aka zaɓa, akwai ladubban da ba a tsallake su. A sa hannu a kan jadawalin asali a adana shi. A riƙa sabunta jadawalin kowane mako daga abin da ido ya gani a bakin aiki. A riƙe littafin wurin aiki wanda ake rubuta ranakun ruwa da ranar da kaya suka iso. A buga ayyukan mako biyu masu zuwa a takarda, da harshen da shugaban leburori yake ji, a manna inda kowa zai gani. A kuma koya wa mutum fiye da ɗaya.

Akwai kuma wani gyara da ya rataya a wuyan masu ba da kwangila. Dokar ba da kwangila ta Tarayya ta 2007 ta yarda a ba ɗan kwangila kuɗin fara aiki har kashi 15 cikin ɗari, daga baya Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30. Amma a yawancin jadawalai, ranar biyan wannan kuɗi ba ta bayyana, haka ma ranar biyan diyya, da ranar ɗauke turaku da bututu, da ranar biyan takardar shaidar aikin da aka kammala. Ayyukan ɗan kwangila kaɗai ake jerawa, kamar shi kaɗai ne yake iya makara. Da za a shigar da ayyukan ma'aikata su ma a matsayin layuka masu ranaku, a ɗaure su da sauran, da Kwamishina ko Babban Sakatare ya ga da idonsa cewa fayil ɗin da ya kwana mako uku a kan tebur a watan Fabrairu shi ne ya tura kwalta cikin ruwan Yuni.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Jadawalin aikin rani a watan Satumba da Oktoba ake zama a tsara shi, tun ruwa bai gama ɗaukewa ba, domin katafila ta fita a makon farko na Nuwamba. Mutumin Herwagana ko Kumbiya-Kumbiya da aka haƙa rami a ƙofar gidansa ba zai tambayi sunan manhajar da aka yi amfani da ita ba. Abin da yake jira ya gani shi ne ko an rufe ramin kafin ruwan farko ya sauka.